Wadda ta Juya Cikin Duniya

A ƙauyenmu na Quiñuta, in aka ce wadda ta juya cikin duniya da hannu biyu, ba mai tambayar wa ake nufi. Doña Nicasia Challapa ce, masaƙiya mai garken llama, dabbobin nan masu gashi masu kama da ƙananan raƙuma, wadda tsayinta bai kai kafaɗata ba. Ni na riƙe 'yarta ranar baftisma, shi ya sa take ce mini compadre, kuma ina da lasisin tsokanarta har ƙarshen rayuwa.

Abin ya faro ne shekarar da Doctora Ximena Urrejola ta hauro daga Santiago da na'urorin sauraron girgizar ƙasa, ni ina tuƙa mata mota. Goma sha biyu ta binne a tsaunukanmu, ɗaya a bayan garken Nicasia. An haƙa rami, an yi masa daɓen siminti, an zaunar da wata aba mai kama da tukunya, da kibiya a kanta tana duban arewa, don da ita ake sanin fuskar kowace girgiza. Batir da akwatin ajiyar bayanai suna sama, don kada a riƙa buɗe ramin. Aikin Nicasia ta goge faifan hasken rana, ta kori dabbobi.

Ita kuwa ba ta saukar da baƙo ba ta san abin da ya kawo shi ba. Ta zaunar da Doctora, ta zuba mata miyar hatsinmu na quinoa, ta ce a yi mata bayani.

"Can ƙasa, Doña, fiye da kilomita ɗari, dutse ya yi zafi har yana jan jiki a hankali, kamar yadda farce ke tsiro. A cikinsa akwai 'yan ƙwayoyi kore-kore. Da tafiya ta yi tafiya, sai duk su kwanta su fuskanci waje guda."

"Kamar gashin llama in an taje shi kafin kaɗi."

"Yauwa! To in girgiza ta taso daga nesa ta ratso wurin, sai ta rabu biyu. Wadda ke kaɗawa bisa kwanciyar gashin ta riga isowa, ɗayar ta makara da daƙiƙa ɗaya ko biyu. Tukunyar nan ke gaya mini fuskar mai saurin, ni kuma in gane inda dutsen ya nufa."

Nicasia ta riƙe haɓa. "Ashe Pachamama, Uwar Ƙasa, ma 'yar sana'armu ce."

Daga ranar ta ɗauki tukunyar a matsayin baƙuwarta. Da sanyi takan lulluɓe bakin ramin da tsohon bargo. Ko limamin cocinmu ya zo, sai ta kai shi ya gani.

Shekara uku aka kwashe. Na'urori goma sha ɗaya suka ce dutsen can ƙasa ya kwanta waje guda. Ta Nicasia kaɗai ta ce a'a, a ƙarƙashin ƙauyenmu ya karkace sosai. Doctora ta kasa zaune ta kasa tsaye don murna. Ta rubuta shafuka, an ba ta lokacin jawabi a wani babban taro. Ta dawo don ta ƙara binne huɗu a kewayen garken, ta ce bari ta leƙa ta farko tukuna.

Ni na ɗaga murfin. Na ga fuskarta ta koma kamar garin alkama.

Kibiyar ba arewa take duba ba. Ta miƙe sak ga babban dutsen ƙauyenmu, wanda muke kira Tata.

"Wa ya taɓa ta?" in ji Doctora.

"Ni mana, Doctorita," in ji Nicasia, har da 'yar fara'a. "Kwana biyar da tafiyarku, ɗaya ga Agusta, ranar da ƙasa ke buɗe baki a ciyar da ita. Na zo ba ta ganyen koka, sai na ga kun kawo mai sauraron Pachamama kun bar ta ta ba Tata kafaɗa kamar mai gaba da shi. Na ɗan gyara mata zama. Ɗigon ruwan nan na kanta mai nuna ta zauna daidai ma na mai da shi tsakiya yadda na ga kin yi."

Doctora ta zauna daɓas a kan kashin llama, ba ta ma lura ba.

"Doña, ba ƙasa ce ta karkace ba. Ke ce."

Sai a lokacin Nicasia ta gane. Mazarin kaɗin da ke hannunta ya faɗi, ya gangara. "Wayyo, Budurwa Maryamu! Compadre, me na yi?"

"Abin da girgizar ƙasa ba ta taɓa yi ba, comadre," na ce, amma ba wanda ya yi dariya.

Doctora ta ce dole ta cire na'urar ta kai wani wuri. Bayanan shekara uku sun lalace, tunda ba ta san sau nawa aka juya ta ba, ko da wane gwargwado.

Jin za a ɗauke mata baƙuwa, Nicasia ta miƙe. "Sau ɗaya ne tak! Rana na leƙowa. Kuma ba da ka na yi ba, zare na ja daga kan kibiyar zuwa tsagar da ke ƙololuwar Tata. Masaƙiya ce ni, ba na jan layi a karkace."

Doctora ta buɗe kwamfuta. Ɗaya ga Agusta, bakwai da 'yan mintoci na safe, ga wani hargitsattsen zane na minti huɗu wanda tun da can ta ɗauka llama ce ta yi susa a wurin. Bayansa ba wani. Ta auna kibiyar, ta auna tsagar Tata: digiri arba'in da ɗaya daga arewa, duka biyun. Ta cire arba'in da ɗayan daga lissafinta, sai na'urar Nicasia ta faɗi abin da sauran goma sha ɗaya ke faɗa tun farko.

Babban binciken ya mutu nan take, jawabin taro ya bi shi. Amma bayanan sun tsira. Doctora ta ce tunda an san kwanar, sake motsa tukunyar ɓarna ce, a bar ta yadda take. Ta sa wa murfin kwaɗo, ta tsaya da makullin tana dube-dube, sannan ta yi ajiyar zuciya ta miƙa wa Nicasia.

Har yau tukunyar tana duban Tata. A bikin Agustan bana, muna zaune ana raba gasasshen nama, na ce, "Comadre, bana ina za ki juya mana duniya, gabas ko yamma?"

Ba ta ko ɗago daga kaɗinta ba.

"Compadre, masu digiri sun shekara uku suna hango kilomita ɗari a ƙarƙashin ƙasa, ba wanda ya ɗaga murfi ya duba taku biyu. Kuma ka lura, tun da baƙuwata ta gaida Tata, ko sau ɗaya batirinta bai mutu ba."