Zaman Alhamis na Goggo Kellumi

Goggo Kellumi 'yar Barno ce, amma a Jimeta ta girma, a nan kuma ta tsufa. Ta karanci halayyar ɗan Adam, ta zaɓi ɓangaren yara, kuma har ta yi ritaya danginta ba su gane aikinta ba. In an tambaye su sai su ce, "Tana asibiti, hira take yi da yara."

A hannunta na koyi aikin, ni da wasu ɗalibai. Mafaɗaciya ce ta gaske. Ka tsaya a kan yaro kana tambayarsa, sai ta ja maka riga har ka zauna a ƙasa. Amma abin da ta fi riƙewa shi ne zaman Alhamis. Bayan la'asar za ta tara mu ƙarƙashin mangwaron bayan ofis, ta ajiye dafaffiyar gyaɗa, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya: "Wane yaro ne ya bi ki gida a makon nan?" Dole ki faɗi abin da ya tsaya miki a rai. Ta ce wanda ke jin labarin yara bai sami mai jin nasa ba, ba zai daɗe a aikin nan ba. Ko zazzaɓi ba ta karɓa a matsayin uzuri.

Sai shekarar da 'yan ta'adda suka ci Mubi da Michika, mutane suka kwararo Yola a ƙafa da bayan tifa. Yawancin ƙananan yaran da aka kawo mana ba sa jin Hausa. A cikinmu kuwa mutum ɗaya ce ke jin yaren Michika, wato Keturah, wadda ta fi mu duka iya zama da yaro. Goggo ba ta yabo, amma a bayan idon Keturah takan ce ita ce magajiyarta.

Duk yaron da ya ga abin da bai kamata ya gani ba, wurin Keturah ake kai shi. Garuruwan da suke ambata nata ne, wasu sunayen ma ta san masu su. Ranar Alhamis layi ya yi tsawo a ƙofarta, sai Goggo ta leƙa ta ce, "Ci gaba da su, mako mai zuwa kya zo." Mako mai zuwa ma haka. Mu da muke fama da yara ƙalilan muna can muna cin gyaɗa muna sauke nauyinmu, ita tana ɗaki tana ƙara ɗauka. Ba ta taɓa ƙorafi ba, Goggo kuma ta ɗauka ƙarfin hali ne.

Kafin damina ta dawo Keturah ta ajiye aiki. Ba rigima, ba sallama. Goggo ta yi aike, ta je da kanta, ta samo mata gurbin ƙaro karatu, duk Keturah ta ce an gode.

Bara na raka Goggo wurinta a bakin tafkin Njuwa, inda take noman alayyafo da mijinta. Ta yi ƙiba, ta tarbe mu da fara'a, har na fara ganin ƙila Goggo ta cika ɗora wa kanta laifi. Muna zaune sai 'yarta ƙarama ta shigo da kuka, gwiwa a goge, tana son ba da labarin wanda ya ture ta. Keturah ta wanke ciwon tsaf, ta goge mata hawaye. Da yarinyar ta buɗe baki sai ta juyar da ita ta kafaɗa.

"Je ki gaya wa babanki," in ji ta. Ta dube mu tana murmushi. "Goggo, ni har yau ba na iya jin labari a bakin yaro. Ko wanda na haifa."

Tausayi ya kama ni, na rasa inda zan sa idona. Da muka hau Keke Napep muka kama hanyar Jimeta, sai Goggo ta dube ni.

"Dokar nan ni na kafa ta," ta ce. "Mutum ɗaya na taɓa ɗaga wa, ita ce kuma ta fi kowa bukata."