Gwadon da Inna Ta Aika Shikago

Ni dai tun ina ƙarami an san ni da ƙarin gishiri. In na ga kare ɗaya a hanyar Doso, kafin in iso otogar ta Yamai, wato tashar motoci, ya zama kuraye bakwai, ɗaya ma har da hular soja. Mutane su yi dariya, ni ma in ji daɗi, kuma ba wanda ya taɓa rasa ko kaza saboda bakina. Sai da maganar Shikago ta zo.

Mu biyu ne wajen Inna, ni da yayana. Asalinmu Damagaram, aiki ya kawo babanmu Yamai, ya rasu ya bar mu nan. Yaya shi ne ɗan fari, shi ya yi lakwal, wato boko, da gaske har ya shiga aikin likitocin dabbobi. Ni aji uku na yi, malamin ya ce ko ni ko shi, sai na girmama shi na bar masa wurin, na kama tuƙin kamyo, babbar motar kaya. A shekarun nan da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, gwamnati ta riƙa ɗibar samari masu takarda tana tura su ƙasashe su koyo aiki. Aka ce Yaya zai je Amirka ya ga yadda ake gyaran nama, a wani gari wai shi Shikago.

Ku ƴan yanzu ba ku san kunyar ɗan fari irin ta matan da ba. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. "Wancan" take ce masa, ko "mutumin naku". In ya shigo gaishe ta, sai ta kama tsintar tsakuwa a gero kamar allurarta ce ta faɗa ciki. Ranar tafiyarsa unguwa kaf ta fito rakiya, har da mai ƙosan da suke gaba da shi. Inna ba ta fito ba. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, zan tafi." Daga ciki ta ce, "To. A sauka lafiya." Ya ɗan jira. Ba a ƙara komai ba. Ya ɗauki akwatinsa.

Bayan wasu watanni takarda ta zo. Cikin ambulan akwai kati mai hoton dogayen gidaje a bakin ruwa, a bayansa layi huɗu da Faransanci. Na zauna tsakar gida zan karanta, matan maƙwabta sun cika wurin, Inna kuwa tana gefe tana kaɗin auduga, ta ba mu rabin baya kamar ba da ita ake ba. Na karanta layi uku: ya sauka lafiya, akwai sanyi, aiki da wuya amma yana yi. Na huɗun na tsallake shi, don ba abin dariya a ciki, ga mata suna ta miƙo hannu a ba su hoto.

Can sai Inna ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Garin nan, da wane gari ya yi kama?"

Ai kuwa ta taɓo ni inda nake so. Ni da na taka Kano, na kwana Kotonu, na leƙa Abijan sau ɗaya a bayan wata mota.

Na ce, "Inna, ki ɗauki Kano ki ɗora bisa Legas, ki ɗauko Abijan ki kifa a kai, to kin sami unguwa ɗaya. Gidajensu, wanda ke kwana a sama in ya fara saukowa don sallar asuba, la'asar yake tararwa. Jirgin ƙasa a saman kawunan mutane yake bi. Saniya kuwa ta shiga ta wannan ƙofa tana kuka, ta fita ta waccan takalmi."

Wata maƙwabciya ta ce, "Kai, ɗan nan, ka ji tsoron Allah! Mu da ko na ƙasan ba mu taɓa gani ba, kai har ka hau da shi sama?"

Inna ta ce, "Sanyin fa?"

"Sanyi? In ka yi sallama, maganar daskarewa take a iska, sai bazara ta narke a amsa maka. Iska kuwa in ta taso daga tafkinsu, siririn mutum sai an zuba masa duwatsu a aljihu, in ba haka ba sai a tsinto shi a wata ƙasa."

Matan suka fashe da dariya har da riƙe ciki. Na ga mazarin Inna ya tsaya, sannan ya ci gaba da juyawa. Ban kula ba. Yaya kuwa siriri ne kamar sillen kara, tari ma ba ya barinsa in an shiga ɗari.

Washegari na tafi da takardar zuwa otogar don a san da wa ake zaune. Gardama ta tashi tsakanin direbobi. Wani ya rantse Kano ce ta fi kama da shi, tunda ga shanu ga jirgi. Wani ya ce ina, ruwa da dogon gini ai sai Abijan. Wani tsohon soja ya ce dukanmu jahilai ne, ba mu ga Marsai ta Faransa ba. Wani Bazabarme kuma ya ce a ba Yamai shekara goma, ai ga kogi muna da shi, ga shanu, abin da ya rage jirgi ne kawai da gidaje da mutane. Kati ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, ya dawo mini da tambarin man inji. Ambulan ɗin bai dawo ba. A bayansa kuwa Yaya ya rubuta adireshinsa.

Kwana uku ina nema. Wataƙila wani ya ƙunshe taba a ciki. Na yi ta jan ƙafa har wata biyu kafin in je buro, wato ofishin da ya tura shi, can aka ce mini karatun ya ƙare, ya bar makarantar ya kama aiki a garin, ba su san inda yake zaune ba. Suka ce in jira ya sake rubutowa. Na dawo na ce wa Inna na aika amsa.

Bai sake rubutowa ba.

Ita kuwa ba ta daina tambaya ba. Ba kullum ba, sai in ina cin tuwo, ta jefo guda ɗaya kamar ta tuna da wani abin banza. Garin nan suna da gero? Akwai masallaci? Wata rana ta ce, "Da akwai zango?" Ta san yadda abin yake: duk garin da Bahaushe ya je fatauci akwai zango, akwai sarkin zango, baƙo ba ya ɓata, saƙo ma ba ya ɓata.

Na ce, "Haba Inna, wane gari ne a duniya babu Bahaushe? Sarkin zangonsu ma ɗan Tasawa ne, rawaninsa sai mutum biyu sun taya shi ɗauka."

"Tsakaninka da Allah, da wane gari ya yi kama?"

"Abijan sak. Ƙanenta ne ma. Ɗan ruwa ne kawai tsakaninsu."

Na faɗa ne don hankalinta ya kwanta, tunda ta san mutanen unguwa na zuwa Abijan suna dawowa.

Damina guda ta yi tana kaɗi. Zaren ya taru, ta kai wa masaƙi da kanta, ta tsaya a kansa ya ninka saƙar, ta kai marina aka tura shi baƙi. Gwado ya fito mai nauyi, in ka yafa shi sai ka ji kamar an ɗora maka jaki. Ta ajiye shi gabana ta ce, "Ka ce garin akwai sanyi. Ko akwai mai bukata."

Na ce ta bari in kai gidan waya, ina tunanin in ɓoye shi cikin kamyo har Allah ya kawo wata takarda. Ta ce, "Akwatin ƙarfe ba shi da fuska. Amana hannu da hannu take tafiya."

Na yi tafiya garin Gaya, kafin in dawo ta riga ta ba wani Alhaji maƙwabcinmu, dattijo mai fataucin goro da ke zuwa Abijan. Ta naɗe gwadon a tsumma ta ɗaure. Sunan mai shi ma ba ta iya faɗa ba, maƙwabciya aka kira ta faɗa a madadinta. Ita abin da ta ce kawai: a kai garin nan da ke kusa da Abijan, mai ruwa, mai jirgi, inda ake yanka shanu, a ba sarkin zango ɗan Tasawa.

Da na so, da na cim ma Alhaji kafin ya ƙetare kogi, don a lokacin babu gada, sai an jira jirgin fito. Ban je ba. Me zan ce masa? Abin da na yi ma, na kai labarin otogar, na ƙara masa gishiri, aka yi dariya har wani ya faɗo daga benci. Wannan dariyar har yau ina jin ta.

Damina biyu suka wuce. Wata la'asar Alhaji ya yi sallama, ya shigo da ƙunshi a hammata. Ya zauna kan tabarma, aka gaisa, ya ajiye shi gaban Inna. Tsumman ya yi baƙi, igiyoyi kuwa kala-kala sun kai shida a jikinsa.

Ya ce, "Malama, amanarki ce. Wallahi an yi ƙoƙari. Mai masaukina a zangon Abijan ya tambaya har bakin jiragen ruwa. Wani ya ce garin ruwa da jirgi da mayanka ai Legas ce, aka ba wani mai zuwa Akkara, daga can aka kai Legas. Can suka bincika zango kaf, ba su san shi ba. Suka ce in shanu ne da jirgi, to a gwada Kano. Daga Kano ya biyo ta Maradi ya dawo hannuna. Kowa ya karɓa sai ya ƙara tasa igiyar, ba wanda ya buɗe." Ya ɗan dube ni, sannan ya mai da ido ƙasa. "Wani ma'aikacin jirgin ruwa ya ce ya san garin. Ya ce nisansa da Abijan ya fi nan da Makka. Ya ce kuma bai ji akwai zango ba."

Inna ta yi masa godiya, ta sa masa albarka, shi da duk hannun da ya taɓa ƙunshin. Da ya fita ta ce, "Ɗauko takardar nan. Karanta mini. Abin da ke ciki kaɗai."

Na ɗauko. Na karanta layi ukun da ta sani. Sannan na karanta na huɗu: ka tambayi Inna ko tana da saƙo gare ni, ka rubuto mini a adireshin da ke bayan ambulan.

"Ina ambulan ɗin?"

Na gaya mata. Duka na gaya mata, har da amsar da ban aika ba, har da sarkin zangon da ni na naɗa shi da bakina.

Na so a ce ta ɗauki muciya ta rafka mini. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana shafa igiyoyin nan da yatsa. Sannan ta ce, "Ni ina tambayarka ɗana, kai kana ba ni gari."

Tun da aka haife ni, ranar ce kaɗai na ji ta ce masa ɗana.

Ba ta sake tambayata komai game da Shikago ba. Da ɗari ya shigo tari ya kama ta. Na ce ta yafa gwadon mana, ga shi nan a ajiye. Ta ce, "Ba nawa ba ne." Ba ta ga damina ta gaba ba.

Yaya ya dawo bayan shekaru, an riga an yi gada. Ya yi furfura, yana nan dai a siririnsa. Da muka dawo daga maƙabarta muka zauna tsakar gida, ya ce, "Na jira amsa. Kullum in na dawo aiki sai na duba akwatin wasiƙa. Daga baya na ce, ai ko ranar tafiyata ba ta fito ba. Sai na yi zuciya."

Na shiga ɗaki na ɗauko ƙunshin. Na ba shi labari tun daga mazari har zuwa Alhaji, kuma a karon farko a rayuwata ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Bai zage ni ba. Ya sa hannu yana kwance igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, bai yarda a kawo wuƙa ba.

Bakina kuwa ba ya iya zama. Na ce, "Yaya, don Allah, garin da wane gari ya yi kama?"

Ya ce, "Ban sani ba. Daga ɗakina zuwa mayanka, titi ɗaya na sani. Amma maganar sanyi, ba ka yi ƙarya ba."

Tsakiyar bazara ce, zafin Yamai irin wanda ƙadangare ke neman inuwa. Ya warware gwadon ya yafa a kafaɗa, ya koma ya zauna gindin bangon da Inna ke kaɗi. Gumi yana ta zubo masa har gemu. Da wani ne, da kafin magariba otogar duk ta ji labari. Na zauna kusa da shi na yi shiru.