Wufa Biyu da Bangon Ɗakina

Lokacin da abin nan ya faru ina da ɗanyen goyo, haihuwar fari, muna haya a ciki da falo a nan Suleja. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni mai tsoro ce, ko atishawa yarinyar ta yi sai gabana ya faɗi. Mahaifiyata tana nesa, don haka maƙwabciyata ce ta yi min wankan jego, wata dattijuwa mai sayar da doya da nake kira Mama. Bango ɗaya ya raba ɗakinta da uwar ɗakana.

Maigidana direba ne a Abuja, ba abin da yake so kamar kayan sauti. Yana da wufa ɗaya, akwatin nan mai fitar da gurnani, sai ya ƙaro wata ta hannu daga Sabon Wuse, ƙatuwa, ba kamfaninsu ɗaya ba. Na ce masa ai ba su yi kama ba, ya yi dariya ya ce wufa wufa ce, in je in duba tukunyata. Ya haɗa su, ya jingina babbar da bangon uwar ɗaka. Daga kujerarsa sai sautin ya ragu maimakon ya ƙaru, shi kuwa ya yi ta ƙara murya.

A satin nan yarinya ta canza. Da na kwantar da ita bayan magariba sai ta firgita, ta sandare da kuka, ta ƙi nono. In na shiga ɗakin sai in ji nauyi a ƙirjina, murafen kwanukan jerena suna kaɗawa su kaɗai, kamar wani abu na numfashi cikin bango. Ban kawo wufa a raina ba, tunda a falo ma da ƙyar ake jin gurnaninta. Abin da na lura da shi, daidai lokacin Mama take dawowa daga kasuwa. Sai na tuna ita ta binne mabiyiyar yarinyar, kuma a gindin bangon nan. Daga ranar komai nata ya zama abin zargi a wurina. Kunun da ta aiko na zubar, in ta miƙo hannu ta ɗauki goyo sai in ce barci take.

Wata safiya a bakin rijiya, gaban matan gida, na ce wa Mama ta tono abin da ta binne mana. Ta sauke bokitinta, ta ce da cuta take nufi ai da ta yi tun ina kwance ban iya tashi. Ƙarshen wata ta koma wurin ɗanta a Chaza.

Mama ta tashi, amma kukan yarinya bai daina ba. Sai taransifomar unguwarmu ta lalace, yarinya ta yi ta barcinta lafiya lau. Ranar da wuta ta dawo ina jingine da bango maigida ya kunna kayansa, na ji rawar ta shiga bayana. Na roƙe shi ya zare wayar babbar. Nan take kwanuka suka yi shiru, falo ya cika da sauti. Sai ya ce ashe wufa ɗaya na tura iska ɗaya na ja, shi ya sa sautin ke mutuwa a falo, babbar kuma tana girgiza bango.

Na je Chaza neman gafara. Mama ta karɓi yarinyar, ta yi mata wasa, ta ce Allah ya raya. Ni ko kallona ba ta yi ba.

Na koyi cewa tsoro yana sa uwa ta fara zargin wanda ya fi kusa da ita. 'Yan uwana mata, in abu ya canza a gida, ku fara duba abin da aka shigo da shi kafin ku buɗe baki a kan mutum. Wayar wufa an zare ta cikin ƙiftawar ido, amma maganar da na yi a bakin rijiya har yau na kasa janye ta.