Ƙashin Ɓargo a Kwanon Nata'ala

Duk telan da kekensa ya taɓa yi masa gardama a Goron Dutse ya san Muttaka. Shi ne mai gyaran keken ɗinki, gajere, mai faɗin kafaɗa, wanda ba a taɓa ganin farcensa babu baƙin mai ba. Shagonsa cike yake da kawunan tsofaffin kekuna waɗanda masu su suka kawo suka manta. Mutum ne mai tsoron Allah daidai gwargwado, salla ba ta wuce shi, amma karatunsa bai yi nisa ba, kuma bai taɓa cewa ya yi ba. Idan masu ilimi suka kaure da gardama a majalisa, shi hamma yake yi. Saboda haka da za a ce wa mutanen unguwa wannan bawan Allah ne ya zama gwanin caccakar Kiristanci a Fesbuk, dariya za su yi su wuce.

Abu ɗaya Muttaka ya mallaka a duniya da yake taƙama da shi, shi ne amincinsa da Nata'ala tela. Makarantar allo ɗaya suka yi, rana ɗaya aka yi musu kaciya, kowannensu shi ya zama babban abokin ango a auren ɗan'uwansa. Nata'ala ba ya kiransa da komai sai Makaniki, shi kuma ya ce Tela. Tun da suka yi iyali suke ciyayya. Da an idar da sallar magariba, sai a fito da abincin gidan Muttaka da na gidan Nata'ala, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan tela, a juye a kwano ɗaya, su sa hannu.

Hajo, matar Nata'ala, tana da wata al'ada ta tsokana. Duk ranar da ta yi miyar taushe, ƙashin ɓargo guda ɗaya tak take jefawa a ciki, don ta san abin da zai biyo baya. Manyan magidanta biyu, masu furfura a gemu, sai ka ga suna bugun hannun juna kamar yara. Wannan ya ce shi ya fara gani, wancan ya ce ai matarsa ce ta dafa. Wanda ya yi nasara ya ƙwanƙwasa ƙashin a gefen kwano, ya zuƙe da ƙara don ya ƙular da ɗan'uwansa. Masu wucewa sun saba, har tambaya suke yi yau wa ya ci.

Abin haushin, Muttaka da ƙafarsa ya kai Nata'ala wurin Habila. Habila mai sayar da kayan keken ɗinki ne a kasuwar Sabon Gari, Bahaushe ne daga wani ƙauye a kudancin Kano, Kirista tun iyaye. Dogo ne, mai sanyin magana, ba ya sayar da jabu ya ce na asali ne. Muttaka ya daɗe yana sayayya a wurinsa, shi ya sa da Nata'ala ya tashi sa wa kekensa mota mai aiki da lantarki, ya ce masa ya zo ya kai shi inda ba za a cuce shi ba. Daga nan gaisuwa ta shiga tsakanin tela da mai kaya, ba wani abu fiye da haka.

Sai wata rana gyambon ciki ya kayar da Nata'ala a kan keke. Aka kwashe shi zuwa asibiti, likitoci suka ce sai an ƙara masa jini kafin a yi aiki. Kafin ma'aikaciyar ta rufe baki Muttaka ya naɗe hannun riga. Mutumin da ganin allura ke sa shi jiri, ranar ko gezau bai yi ba. Aka ɗiba, aka auna, aka dawo aka ce masa nasa bai dace ba. Ya ce a sake aunawa. Aka ce Malam, ba a canza jini da naci.

Yana zaune a benci, hannu a naɗe, sai ga Habila da ledar lemo da ayaba, dubiya kawai ta kawo shi. Ya ji abin da ake ciki, ya ajiye leda, ya bi ma'aikaciyar. Nasa ya dace.

Nata'ala ya warke, kowa ya yi hamdala, Muttaka ma ya yi, kuma har zuciyarsa. Amma tun daga ranar wani abu ya tokare masa ƙirji. Duk wanda ya zo barka, sai tela ya ba shi labarin Habila, yana cewa ai yanzu ɗan'uwansa ne na jini. Babu wanda ya ba da labarin hannun rigar da aka fara naɗewa. Ranar da Nata'ala ya gayyaci Habila ciyayya, Muttaka ya matsa ya ba shi wuri, baki har kunne. Aka buɗe kwano, miyar taushe ce. Muttaka ya gyara zama zai kai hannu, sai ya ga Nata'ala ya sa yatsa ya tura ƙashin gaban Habila, ya ce, "Bismillah, wannan naka ne."

Ranar loma biyu Muttaka ya yi ya tsame hannu. Kishi ne, ba wani suna da za a ba shi. Sai dai kishin aboki ciwo ne da namiji ba ya iya kai wa kowa ƙara. Wa zai fuskanta ya ce masa an tura wa wani ƙashina? Habila ya riƙa zuwa jefi-jefi, daga baya ya zama kusan duk mako, kuma duk zuwan da zai yi ƙashin gabansa yake tafiya. Da ma mutumin yana da wani aibu da abin ya zo da sauƙi. To ba ya da shi. Yana gaida dattawan unguwa a durƙushe, idan aka kira isha'i ya zauna ya tsare musu tabarma. Muttaka ya juya shi ta kowane gefe yana neman inda zai kama, bai samu komai ba sai addininsa.

A wannan tsakanin ne ya faɗa wani zauren muhawara a Fesbuk, inda Musulmi da Kirista ke kwana suna tashi a kan gardama. Wanda bai taɓa leƙa irin wurin nan ba, zai ɗauka malamai ne ke zaune. Akwai su kam, 'yan kaɗan, masu tambaya da ladabi a kan abin da addinan biyu suka saɓa, a amsa musu da ladabi, sai dai babu mai tsayawa karanta nasu don ba ya da yaji. Sauran kuwa kowa da abin da ya koro shi. Wani tsohon haushin zamanin Turawa da makarantun mishan ne bai huce ba. Wani labarin rikicin wani gari ya gani, ya zo neman wanda zai huce a kansa. Wani an zagi nasa addinin jiya, ya zo ramuwa, wanda ya rama a kansa shi ma ya tafi ya dawo da tasa. Wani kuma ya lura duk ranar da ya taɓa Kiristanci mabiyansa ƙaruwa suke yi, ya mayar da abin sana'a. Galibinsu ba su taɓa zama da Kirista sun ci abinci ba. Muttaka shi ya ci, kuma abin da ya kawo shi ke nan.

Ya buɗe shafi da sunan ƙarya, Takobin Gaskiya. Da farko maganganun wasu yake kwafowa. Da ya ga ana yaba masa, ana ce masa Allah ya ƙara ilimi ya Shehi, sai ya fara ƙirƙiro nasa. Duk Kiristan da ya tanka masa, fuskar Habila yake gani. Kekunan mutane suka taru a shago, teloli suna zuwa suna komawa, shi yana duƙe a kan waya da yatsa mai baƙin mai.

Matarsa Zaituna ce ta fara magana. Ta ce, "Malam, wai me Kiristocin nan suka tsare maka ne?"

Ya ce, "Addini nake karewa."

Ta ce, "To. Addinin ne ya ce ka bar keken mutane ga bikin salla a gaba?"

Ya yi tsaki ya fice.

Ana haka mahaifiyar Habila ta rasu a ƙauye. Nata'ala ya rufe shago ya tafi ta'aziyya har can, ya kwana. Muttaka ya ce aiki ya yi masa yawa. Da Habila ya dawo, ya zo ciyayya ya yi godiya, su uku a tabarma. Bai ci abin kirki ba. Can sai ya fara ba su labarin tsohuwar, Iya Ladi mai daddawa. Ya ce ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma tana da Littafi Mai Tsarki da take naɗewa a cikin ɗankwali. Duk Lahadi za ta buɗe shi a coci, sau da yawa a juye, tana bin waƙoƙin da ka. Ya ce tun yana yaro ya gane a juye yake, har ta koma ga Allah bai iya gaya mata ba, don yadda take riƙe shi da hannu biyu. Yana faɗa yana dariya, hawaye na zuba. Nata'ala ya dafa kafaɗarsa, ya daɗe bai ɗauke hannun ba.

Wannan hannun Muttaka ya gani, ba hawayen ba. Washegari da hantsi, a shago, Takobin Gaskiya ya rubuta labarin wata tsohuwa mai daddawa da ta yi shekara da shekaru tana riƙe littafinta a juye, ya ambaci ƙauyen, ya ce ga irin masu addinin nan. Abin ya karɓu fiye da duk abin da ya taɓa rubutawa. Aka yi ta dariya, aka yi ta yaɗawa, Kiristoci suka yi ca suna mayar da zagi, abin ya zama kasuwa. Wani dattijo Musulmi ya rubuta cewa wannan ba tarbiyyar Musulunci ba ce, maganarsa ta nutse a cikin hayaniya. Ranar Muttaka ya ji daɗi har ya gyara keke biyu.

Mako ya zagayo Habila bai zo ba. Wani makon ma haka. Muttaka ya ce a ransa to madalla, tabarma ta dawo hannun masu ita. Bai san 'yar Habila ta ga rubutun ta kai wa ubanta ba, bai kuma san Nata'ala ya bi sawu har Sabon Gari don jin ko lafiya ba.

Ran nan bayan magariba, Muttaka na shirin fita da kwanon gidansa, sai ya ji sallama a ƙofa. Muryar Nata'ala ce, amma irin sallamar da ake yi a gidan da ba a saba ba, a tsaya daga waje a jira. Ya fito ya same shi tsaye da kwano a rufe, an ɗaure shi da kyalle mai tsabta.

Nata'ala ya ce, "Malam Muttaka, an wuni lafiya?"

Tun suna yara Muttaka bai taɓa jin wannan sunan a bakin nan ba. Ya ce, "Tela, lafiya?"

"Mu uku ne a tabarmar nan ranar da Habila ya ba da labarin Iya Ladi. Ni wayata ko hoto ba ta ɗauka."

"Ai maganar addini ce..."

"Kada ka sa addini a ciki. Malami ɗaya ya koyar da mu. Ban tuna ranar da ya ce a yi wa uwar wani dariya kabarinta bai bushe ba."

Sai abin da ya daɗe yana cin Muttaka ya fito da kansa. "Ni na fara miƙa hannu a asibiti. Ni. Babu wanda ka gaya wa."

Nata'ala ya dube shi da mamaki, kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce, "Na sani, Hajo ta gaya mini tun ina kwance. Ni da kai akwai godiya ne? Habila baƙo ne, shi ya sa nake tura masa ƙashin. Kai ai da kai ake kokawa."

Ya miƙa masa kwanon da hannu biyu. Ya ce daga yau ba sai ya wahalar da kansa ya fito ba, za a riƙa aiko masa da nasa har gida. Ya yi masa sai da safe cikin girmamawa, ya juya.

Muttaka ya zauna a zaure ya kwance kyallen. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe, har yanzu yana tururi. A tsakiya ga ƙashin ɓargo, babba, cike, an ajiye shi a sama yadda ba sai an nema ba. Daga cikin gida Zaituna ta ɗaga murya tana tambaya ko ta kawo masa ruwan wanke hannu.