Larai Mai Banda da Zaɓen Ranar Su

A Kwarin Ɗinya, wani ƙauye a bakin kogi gabas da Haɗeja, babu wanda ya kai Larai mai banda iya duba kifi. Ta danna cikin tarwaɗa da yatsa, ta dubi idonta, sai ta faɗa maka ko kamun jiya ce ko na yau. Haka take duba mutane ma, kuma da wuya ta kuskure. Abin takaicin shi ne, dubanta da ya fi kowane dacewa, shi ne ya raba ta da gonarta.

Gonar ta shinkafa ce a fadama, ita ke ci da gidan. Mijinta Gwadabe masunci ne da rani, manomi da damina. A wannan yanki babu iyaka ta dindindin. Duk shekara ambaliya kan shafe komai, sai Bulama mai garin ya fito kafin ruwan fari ya sake kafa wa kowa turakunsa. Shekara ashirin da biyu turakun Gwadabe suna komawa inda suke. Ba takarda, ba shaida, sai idon Bulama da ganin damarsa.

Sai ga shi a shekarun alif ɗari tara da hamsin Turawa sun zo da sabon abu, wai zaɓe. Kowane gari ya fitar da mutum ɗaya ya je Haɗeja, can a sake tacewa, a yi ta tacewa har a kai Kaduna. Mata kuwa ko zancensu ba a yi ba, kamar kaji ne a tsakar gida. Kuma ba akwati ba ne. Ɗan takara zai tsaya a ƙofar Bulama, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna, kowa yana kallon kowa.

Mutum uku suka fito: Shu'ibu ƙanen Bulama, da Buba mai shanu, da Abdulwahid tela, wanda kan karanta wa mutane jarida a bakin kekensa, ya kuma taɓa gaya wa Bulama ido da ido cewa kason kifin da ake karɓa daga masunta ya yi yawa. Tun saura wata biyu maza suke ta gardama a gindin tsamiya, kowa da nasa hasashen. Larai da ke shiga gida-gida da kwandonta ta riga ta gama sanin inda aka dosa.

Wata hantsi ta kai banda gidan Bulama. Matarsa Falmata ta shimfiɗa mata tabarma, abin da ba ta saba yi ba.

"Ke da ba a ɓoye miki komai a garin nan, Larai, wa kike gani?"

"Yaya, ni banda nake sayarwa."

"Kai, ji ta! Mu-ya-mu ne fa. Ko dai a banza ake zuga ki?"

Nan aka taɓa ta inda yake mata ƙaiƙayi. Larai ta gyara zama.

"Buba mutumin kirki ne, amma mutanensa suna bayan shanu, ba mai barin garke ya zo ya tsaya a rana. Shu'ibu kuwa, ki yi haƙuri, gaisuwarsa ma don tsoro ake amsawa. Yana da gidanku da surukanku, talatin in an matsa. Tela shi ke da gari. Duk mai homa nasa ne. In dai masunta suna tudu ranar, an gama."

"In dai suna tudu," in ji Falmata a hankali. Ta ƙara sayen kifi biyu, ta haɗa mata da goro.

Bayan kwana goma, Larai tana juya kifi a kan wuta, ta ji mai shela. Za a yi su, kamun kifin gari gaba ɗaya, a Tafkin Kada ranar Alhamis. Tafkin nan a rufe yake shekara guda, rana ɗaya tak ake buɗe shi kowa ya faɗa da homarsa da goransa, kuma wanda ya rasa wannan rana ya rasa kifin rani gaba ɗaya. Zaɓe ma ranar Alhamis ne. Larai ta tsaya da sanda a hannu har kifin ya soma ƙuna. Ta gane bakin wa ya sa ranar.

Ta sami Gwadabe yana alwala.

"Malam, ran Alhamis ka ɗauki homarka ka bi mutane."

"Na ba tela hannu. An shafa fatiha."

"Ku nawa kuka shafa?"

"Mun fi sittin."

"Sittin ɗin nan duk suna gida suna ɗinkin homa, da idona na gan su. Kai kaɗai za ka tsaya Bulama ya ƙare maka kallo? Gonar fa, Malam?"

"Ke mace, me kika sani game da zaɓe? Je ki duba kifinki, ga shi can yana ƙauri."

Me ta sani! Ta sani har ya isa a juya gari guda da shi. Amma ta kasa buɗe baki ta ce masa ita ce.

Ran Alhamis tun da hantsi ake jin ganga daga tafki. Larai ta leƙa ta ɓular zana, don ba a yarda mace ta matso ba. Bayan Shu'ibu mutum talatin da huɗu. Bayan Buba tara. Bayan tela shida: tsofaffi biyu da ƙafarsu ta daina shiga ruwa, da ƙannensa biyu, da wanzami, da Gwadabe, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya miƙe ƙyam kamar a sahun salla. Bulama yana zaune a ƙofarsa. Daga kan buzunsa ya bi mutum shidan nan da ido, ɗaya bayan ɗaya. Malamin zaɓe da aka turo daga Haɗeja ya rubuta, har ya yaba wa garin da rashin hayaniya.

Da la'asar jaruman fatiha suka dawo da kifi niƙi-niƙi. Ita suka kawo wa ta yi musu banda, kowa kansa a ƙasa. Ta karɓa. Yaya za ta yi?

Da hadari ya fara haɗowa, Bulama ya fito rabon fadama. Ya wuce gonar Gwadabe ko waiwaye bai yi ba, ya sa aka kafa masa turaku can kan jigawa, inda ruwa ba ya kaiwa sai dai a ga ƙyallinsa daga nesa.

"Ranka ya daɗe, ai tawa ga ta can."

"Kogi ne ya sauya hanya, Gwadabe. Ni mene ne nawa?"

Gonar ta koma hannun Hamman, surukin Shu'ibu. Shi kuwa Shu'ibun ya je Haɗeja, aka tace shi tun zagayen farko, ya dawo da sabuwar hula. Ko sunansa bai kai Kaduna ba. Don wannan hular aka raba gida guda da abincinsa.

Gwadabe ya shuka gero a jigawa har ya mutu, yana ganin cika alkawarinsa ne ya jawo musu. Larai ba ta taɓa gaya masa ba. An yi zaɓuka bayan nan, aka riƙa tambayarta wa take gani. Amsarta ɗaya: banda take sayarwa.

A kakar shekarar farko bayan ƙwace gonar, matar Hamman ta zo da ƙwarya cike da shinkafa, a musanya mata da kifi. Larai ta tsoma hannu ta ɗebo. Ja ce, doguwa, irin da ta yi shekaru tana ware wa zangarniya mafi kyau tana adanawa a tulu.

"Ta yi kyau ko?" in ji matar. "Ko shukar kirki ba mu yi ba, rabinta da kanta ta fito."

Larai ta juye shinkafar a kwanonta, ta zaɓo tarwaɗa uku ta miƙa mata.