Gogen Yaya Sale

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sale, mai goge. Mutane kan tambaye ni ko har yanzu ina kukansa. Gaskiya ba na yi. Tun ranar abin ya daskare mini a ƙirji.

Yaya mutum ne mai neman dangin kayan kiɗa kamar yadda wasu ke neman dangin uwa. Wata ranar kasuwar Mai'adua ya tafi sayar da rago, sai ya ji wata Buzuwa tana goga wani abu mai tsirkiya ɗaya a bayan masu raƙuma. Ya zauna a ƙasa har la'asar, igiyar ragon a hannunsa. Ya dawo gida da ragonsa, baki har kunne.

"Ladi, ashe gogena yana da 'yar'uwa a arewa! Ƙwarya ɗaya, gashin wutsiyar doki ɗaya, sai dai can mata ne ke goga ta."

Daga baya ya ce algaita ma baƙuwa ce, ayari ne ya kawo ta daga ƙasar Larabawa har da sunanta. Mu dai dariya muke yi masa.

Da shari'ar Musulunci ta zo, ba wanda ya taka gidansa ya hana shi kiɗa. Gayyata ce kawai ta ɗauke. Wanda ya saba kiransa biki sai ya gaishe shi a masallaci ya wuce. Yaya bai yi gardama da kowa ba. Ya kawo gogen ya rataye a ɗakina, ya kama acaɓa, kuma a hanyar garin Babban Mutum ajali ya same shi.

Nakan yi tunanin abin da zai ce yau da zai ga ɗansa Nura, magidanci, yana sauraron waƙoƙin Sudan a waya, masu kukan tsirkiyar nan. Na tabbata zai karkata kunne ya ce wannan ma ɗan gidansu ne.

Ni kuwa tsufa ya kama ni, kuma ba na so in mutu a tsinci gogen cikin tarkace, don shi kaɗai ya rage cikin kayan Yaya. Watan jiya na kira Nura na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallonsa.

"Gwaggo, a ina zan ajiye shi inda baƙi ba za su gani ba?"

Na ce ƙarƙashin gado ma ya isa. Ya saka shi a buhu, ya ɗaure a bayan babur kamar kayan niƙa, ya tafi. Na tsaya a ƙofa ina jiran in ji wani abu a raina. Da ban ji ba, na koma na ɗora tukunya.