Kifin da Ya Kori Munzali

Munzali ɗan masunta ne daga Yawuri, amma a Doha renon kifi ya samu. Ni, Sunusi, direba ne a gidan da yake aiki a unguwar Al Thumama, ɗakinmu ɗaya. Shi ke kula da wani ƙaton akwatin gilashi a falon kafil ɗinmu, wato maigidan da ya ɗauke mu aiki, cike da ruwan gishiri da kifayen teku. Da aikin nan yake riƙe da gidansu kaf.

Cikin kifayen akwai mace da namiji na wani iri da masu sayarwa ke kira ras. Siriri ne mai kaurin leɓe, haƙoransa na gaba a waje kamar na ɓera, in ya tsorata sai ya nutse cikin yashi. Namijin kore ne shar da zanen ruwan hoda a fuska. Macen ja-ja ce, da ɗigon baƙi a gadon baya. Ita kafil ya fi so, har suna ya raɗa mata.

Namijin ya mutu gab da tafiyar kafil hutun zafi. Bayan 'yan makonni macen ta fara sauya launi, ɗigon yana dusashewa. A kogin su Munzali, kifin da ya canza launi ciwo ke cinsa, don haka tsoro ya kama shi, ya ɓoye wa kafil. Na ce, "Kai, kira mutumin nan ka faɗa masa mana!" Ya ce sai ta warke. Taurin kai, wallahi, sai ka ce jaki.

Kafil ya dawo ya tarar da koren kifi a madadin jarsa. Ya ce an sayar da tasa an sako wani. Munzali ya rantse har da hawaye, kafil ya ce khalas, wato magana ta ƙare, ya kore shi. Ni na kai shi filin jirgi da sunan ɓarawo, labarin kuma ya riga shi isa gida.

Daga baya wani mai sayar da kifi a Al Wakrah ya gaya mini ai haka Allah ya yi su: in namijin ya mutu, macen ce ke rikiɗa ta zama namiji. Na faɗa wa kafil, ya ɗaga kafaɗa ya ce in tayar da mota.

Na kira Munzali na gaya masa. Ya ce, "Sunusi, mahaifina a kan ruwa ya tsufa, yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa. In je in ce masa mace ce ta zama namiji?"